Shekarar da Na Kira Sunansa

Safiya, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki. Na ji abin da 'ya'yan yayanku suka ce ranar zaman makokinsa. Da Larabci suka faɗa, a zatonsu kunnena ya mutu, ko kuwa sun manta a garin nan na yi furfura. Wai kakarsu zuciyarta dutse ce, ɗanta ya rasu ba ta zubar da hawaye ba, kuma tun da suke ba su taɓa jin sunan ubansu a bakinta ba. Ban tanka musu ba, don ranar ko ƙarfin ɗaga kai ba ni da shi. Yau ɗin ma ba ƙarfi na samu ba, na dai ga kwana yana ƙarewa, in ban faɗa ba haka za su riƙe ni har su ma su tsufa.

Shi ne ɗana na fari. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke rugawa ta ɗauke shi ba. Haka uwata ta yi wa yayana, haka aka yi mata, ba wanda ya taɓa cewa ƙiyayya ce. Ni kuma abin ya haɗe mini biyu, don sunan surukina aka sa masa, mahaifin Malam. Ga Iya, uwar Malam, tana zaune tare da mu a gidanmu na unguwar Nuzla, tsohuwar da ta tako daga ƙasar Hausa da ƙafarta, ta ratsa Sudan, ta haifi Malam a nan Jidda, ta binne mijinta a nan. Tun da na shigo gidan ban taɓa ambatar sunan mijinta ba, ko da wani ne can mai irin sunan. Saboda haka yaron nan "mai sunan Baba" nake ce masa, in kuwa ina sauri sai in ce "kai".

A shekarar da nake ba ku labari, gadon bayan Malam ya riga ya lalace da ɗaukar buhuna a mina, inda jirage ke sauke kaya. Yaron ya kai saurayi, ya duba gaba bai ga komai ba sai wannan buhun da ya karya ubansa. Sai aka ce ana ɗaukar samari masu takardar ƙasa a sojan ruwa, bahariyya kamar yadda ake cewa a nan, za a kai su horo can gabas, wajen Dammam. Su uku suka rubuta suna daga lungunmu: shi, da Usman ɗan Dije ƙawata, da Salihu ɗan maƙwabciyarmu Balarabiya da muke kira Umm Salih. Abin dariya, yaron da ya tashi yana shaƙar iskar teku amma ruwa bai taɓa wuce masa gwiwa ba, don Iya ta hana. Shi ne wai zai zama sojan ruwa.

Ranar tafiya Umm Salih ta cika lungu da kuka, tana rungumar ɗanta, tana sumbatar kansa, har da watsa ruwa a bayansu don su dawo lafiya. Ni ina tsakar gida ina suyar gyaɗar da nake sayarwa a ƙofa. Ya zo ya tsaya a kaina da jakarsa.

"Inna, na tafi."

"Allah ya kiyaye hanya," na ce, idona a kan kasko.

Ya ɗan jima a tsaye, sannan na ji takunsa ya fita. Gyaɗar ranar ƙurmus ta ƙone, ina kallonta tana hayaƙi ban iya motsa hannu ba.

Da la'asar Dije ta shigo. 'Yar Hausawan Sudan ce, aure ya kawo ta Jidda, mijinta yana gadi a wata ma'ajiyar kaya can unguwar masana'antu, ba ya kwana gida sai jefi-jefi. Usman shi ma ɗan fari ne, saboda haka ciwonmu ɗaya. Ta zauna kusa da ni muna tsintar ƙonanniyar gyaɗa. Can sai bakina ya kuɓuce.

"An ce fa gabas akwai sanyi. Kin dai sa wa Usman bargo?"

Ta ɗago ta dube ni, idanunta suka cika. Sai ta ambaci sunan ɗana, ta ce shi da ba ya son kifi, ko me zai riƙa ci a can. Wallahi ba mu shirya ba, haka abin ya zo. Na fashe da kuka ina cewa wayyo Usman, ita ma ta fashe tana kiran nawa. Iya tana jinmu daga ɗaki ba ta tsawata mana ba, don ba wadda ta yi abin kunya: kowace kukan ɗan maƙwabciya take yi. Daga ranar muka yi musaya. Duk abin da ke cin raina game da nawa, sai in faɗe shi a kan Usman, ita kuma ta mayar mini. In na kasa cin abinci ta zo ta tsare ni sai na ci, in ciwon kanta ya tashi ni ke ɗaure mata goshi in dafa wa ƙannen Usman tuwo. Mazan kuwa, in mijinta ya samu dawowa, sai su shimfiɗa tabarma da Malam a ƙofar gida su sa rediyo a tsakiya, su yi ta shan shayi ba mai ambatar yaran.

Makonnin farko shiru, an ce ba a barin su ko leƙa waje. Daga baya aka fara sakin su yammacin Juma'a. Akwai Garba direba, mutumin lungunmu, mai kai kaya gabas da babbar mota, kuma yana da ƙane a can da yaran ke zuwa ɗakinsa. Umm Salih ce ta kawo shawara. Mijinta ya sayo musajjal, irin rikodar nan mai cin kaset, ta ce tunda yawancinmu ba mu rubutu, mu taru mu yi magana a ciki, Garba ya kai, su ma su yi tasu ya kawo mana. Muka taru a tsakar gidanta bayan la'asar, har da matan da ba su da ɗa a can, kowa na son ganin akwatin da ke haɗiye murya. Umm Salih ta kusa cinye rabin kaset ɗin ita kaɗai: ya waladi, ya galbi, wato ɗana, zuciyata, ka ci, ka sha, ka rufe ƙirjinka. Da aka turo mini, na gyara murya na gai da Usman. Na ce masa ɗana, na ce lungu ya yi mana faɗi tun da ya tafi, na ce ina tuna shi duk sanda na ɗora tukunya. Duk abin da ke cikina na juye, na sa sunan Usman a kai. Dije ta karɓa ta yi wa nawa haka. Muka fito muna murna, mu a dole mun yi dabara.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne, a ɗaki ɗaya za a kunna kaset ɗin, a gaban samarin Larabawa da suka biyo Salihu shan shayi. Su ba su san wata alkunya ba. Abin da suka ji kawai, ga uwar wane ta yi magana mai daɗi har muryarta tana rawa, amma ɗan wata take yi wa, nata ko gaisuwa bai samu ba. Usman bai damu ba, don ya yi shekaru a hannun kakarsa a Sudan, ya san kan abin. Nawa kuwa ɗan Jidda ne, a makaranta da lungu ya ga yadda iyayen abokansa ke yi musu. Ya san al'adar, ba wai bai sani ba. Amma sanin abu a gida da cikinka a ƙoshe daban ne da saninsa a can, kai a aske, jiki duk ciwo, ana yi maka dariya.

Da amsa ta zo muka sake taruwa. Salihu ya yi ta surutu yana dariya yana kuka. Usman ya gai da ni, ya gai da "mutanen gida", Dije ta sunkuyar da kai tana murmushi. Sai ga muryar nawa, a bushe, rabi Hausa rabi Larabci. Ya gai da ubansa, ya gai da Iya, sannan ya ce:

"Inna Dije, na gode da kika tuna da ni. Ita kuma ki gaya mata ɗanta Usman yana nan lafiya."

Na tashi na ce na bar tukunya a wuta, alhali ban ɗora komai ba.

Duk da haka a kaset na gaba ban sauya ba, don ban san wata hanyar ba. Amsar da ta dawo kuwa babu muryarsa sam. Garba da kansa ya zo ya yi sallama da Malam, ina bayan labule ina ji. Ya ce yaron ya rame, ba ya cin abinci, kuma ya kasa iyo: duk sanda aka jefa su ruwa sai an tsamo shi, 'yan'uwansa sun wuce gaba an bar shi a baya. Ya ce samari sun laƙaba masa "yatim", maraya. Abin da ya fi tayar wa Garba hankali, yaron ya ja shi gefe ya tambaye shi ko akwai direban da ke yin arewa mai neman yaron mota, wanda ba ya yawan tambaya.

"Malam, in ya gudu daga horon nan, ɗauri ne in an kama shi," in ji Garba. "In ba a kama shi ba kuwa, ba zai sake iya taka Jidda ba. Halas, kun rasa shi ke nan."

Da ya tafi Malam ya shigo ya kwanta rigingine a tabarma, yadda yake yi in bayan ya matsa masa. Malam ba mai yawan magana ba ne, kun san shi, in ya haɗa jimla biyu a yini an yi hira.

"Hansatu, ni na yi masa magana a akwatin nan, ba ta shiga ba. Ba muryata yake jira ba."

"Malam, ɗan fari ne fa. Kuma sunan mahaifinka ne."

"Na sani. Mahaifina yana kabari, Allah ya ji ƙansa. Wannan kuwa da ransa, kuma ni na gaji, ba ni da ƙafar bin sa arewa."

Ashe Iya tana ji. Daga cikin ɗakinta ta ɗaga murya, ba ta ko fito ba.

"Na bar ƙasata, na bar dangina, na bar komai a hanya. Abin da na iso da shi garin nan kunya ce kawai. Duk wadda ta sa sunan mijina a bakinta, kada ta ƙara miƙo mini ko ruwan sha."

Kada ku ga laifinta. Ni ban taɓa gani ba. Tsohuwar nan ta riƙe ni kamar ita ta haife ni, ita ta yi mini wankan jego duk haihuwata, kuma abin da take karewa ni ma shi aka koya mini tun ina 'yar ƙarama a unguwarmu Hindawiyya. Kwanakin da suka biyo baya na yi su kamar marar lafiya. In na dubi ƙofar ɗakin Iya sai in ce ba zan iya ba. In na dubi ƙusar da yake rataye rigarsa sai in ga babbar mota ta yi arewa da shi. Dije ta ce in ce "ɗana" kawai, ba sai na kama suna ba. Na juya maganar, na ga ba za ta yi ba. Ya riga ya ji yadda sunan Usman ke fita daga bakina, in ba irin wannan ya ji ba, zai ce lallashi ne aka sa ni.

Ranar da Garba zai tashi muka taru kamar kullum, mata sun ma fi na da yawa, don magana ta riga ta zaga. Umm Salih ta gama nata, ta danna maɓalli ta turo mini akwatin. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ina kallon zaren kaset yana juyawa. Wata daga baya ta ce, "Yalla mana, yi sauri, kaset na tafiya." Na kai hannu zan ture akwatin, sai Dije ta damƙe mini wuyan hannu, ta sunkuya a kansa.

"Usman," ta ce. "Usman, ni ce uwarka. Ina gaishe ka."

Wata tsohuwa ta yi salati. Dije ta ɗago, fuskarta sharkaf da hawaye, ta dube ni.

"To, Yaya, na riga ki. Nawa bai nema ba ma. In za a zage mu, a zage mu tare."

Sai na kira shi. Sunan ya fito mini a karkace, kamar ba da bakina ba, don ban taɓa gwada shi ba ko ni kaɗai a ɗaki. Na ce masa ni ce. Na ce ya ci abinci. Na ce ya shiga ruwan nan da bismillah, ba abin da zai same shi, ina nan ina jira. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Da na tashi, Dije ce ta raka ni har ƙofar gida.

Labari ya riga ni isa. Na tarar Iya ta juya fuska bango. Na kai mata tuwo da magariba, ta ture kwanon da bayan hannu ba tare da ta dube ni ba. Ke Safiya kika koma kai mata abinci, kin tuna, kina ta tambaya me ya sa, ina ce miki ki yi abin da aka sa ki. Ta rayu shekaru bayan haka, ina wanke mata kaya, ina dafa abin da take so, amma ko kofin ruwa ba ta sake karɓa daga hannuna ba har ta koma ga Allah. A waje kuma aka sa mana suna "Larabawan Nuzla". In ana biki ko suna, a da mu ake kira mu zauna cikin manya, sai aka koma gaishe mu daga nesa. Dangin mijin Dije sun yi mata ca, har ta yi kwanaki ba ta leƙa ƙofa. Ban taɓa jin ta ce da na sani ba, ni ma ban yi mata godiya da baki ba, don ban san kalmar da za ta isa ba. Na dai ci gaba da ɗaure mata goshi in kanta ya tashi.

Sai kuma jira. Motar Garba ta lalace a hanyar dawowa, ya daɗe bai iso ba, ba mu san ko kaset ya riski yaron ba ko ya tarar ya riga ya tafi. Ban taɓa gajiya irin ta lokacin ba. Gida ba daɗi, waje ba daɗi, ga shi na zubar da abin da na zubar ban san ko a banza ba ne. Na daina suyar gyaɗa. Dije takan zo da safe ta share mini tsakar gida, ta zauna, ta tashi, wani lokaci ko gaisuwar kirki ba ma yi. Malam kullum in ya dawo daga mina sai ya bi ta inda manyan motoci ke tsayawa, ya shigo ya girgiza kai ya kwanta.

Ran nan da rana tsaka yara suka rugo suna cewa Garba ya iso. Bai tsaya ba, ya aiko da kaset ya wuce wurin makaniki. Muka taru gidan Umm Salih, wannan karon mu uku ne kawai, sauran sun daina zuwa. Salihu ya yi nasa. Usman ya fara magana kuka ya ci ƙarfinsa, da ƙyar ya ce, "Umma, na ji." Dije ta rufe fuska da mayafi. Daga nan sai shuuu, ƙarar kaset marar kowa. Muka saurara, muka saurara. Umm Salih ta dube ni da tausayi ta kai hannu za ta kashe, ni ma na jawo takalmina. Sai muka ji tari, irin ɗan tarin nan da yake yi tun yana yaro in zai yi magana a gaban manya. Na saki takalmin.

"Na'am, Inna."

Bai ƙara komai ba. Ni ma ban nemi ƙari ba. Na kira, ya amsa, yana nan inda na bar shi.

Ya koyi iyon, ya gama horo, ya dawo da fararen kaya da kai a aske, duk ya yi baƙi ya rame. Ya durƙusa ya gaishe ni, na ce "An dawo?" ina kallon gefe, ya ce "An dawo." Ya yi aikin nan har ya yi furfura ya aje. Ban sake kiran sunansa ba, shi ma bai sake nema ba, "mai sunan Baba" ya ci gaba da zama har ya yi jikoki. In ya zo gaishe ni yakan zauna a bakin ƙofa ya yi ɗan tarinsa, in tura masa gyaɗa a faranti, mu yi shiru tare.

To, ku karanta wa 'ya'yansa wannan, ku fassara musu inda Hausa ta fi ƙarfinsu. Ranar da aka fito da gawarsa, da Dije tana raye da ita za ta yi mini kukan a tsakar gida, su gani hankalinsu ya kwanta. Ta riga mu tafiya tuntuni, ba ni da mai yi mini. Shi ya sa suka ga na tashi daga cikin mata na shiga ɗaki na turo ƙofa. A can na sake kiransa, a hankali, yadda ba wanda zai ji. Na daɗe a zaune ina sauraro.